Yadda za ka gane mai kiran "gyaran na'ura" na bogi, da abin yi idan ya riga ya shiga

Kamfanin Microsoft ba ya ɗaga waya ya kira mutum don ya shaida masa kwamfutarsa ta kamu da bairos. Apple ba ya yi, Google ba ya yi, WhatsApp ma haka. Duk wanda ya kira ka haka siddan ya ce daga ofishinsu ya hango matsala a cikin na'urarka, kuma a shirye yake ya gyara maka yanzu-yanzu, to kuɗinka ya hango.

Sana'ar ta kwana biyu. Tun wajajen 2008 aka fara jin kokenta a ƙasashe masu magana da Turanci irin su Ingila da Amurka da Ostareliya, inda ake kiran mutane a gida da sunan "sashen gyara na Windows". A watan Oktoban 2012 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta maka wasu kamfanoni a kotu kan wannan aiki, akasarinsu daga Indiya suke buga wayar. Abin bai mutu ba. A rahoton 2023 na hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, an samu ƙorafi sama da 37,000 kan irin wannan damfara, asarar ta haura dala miliyan 924, kuma fiye da rabin kuɗin daga aljihun 'yan shekara 60 zuwa sama ya fita. A Oktoban 2023 hukumar bincike ta Indiya, CBI, ta kai samame wurare 76 bayan Microsoft da Amazon sun kai mata ƙara kan masu amfani da sunayensu.

A wajenmu ba kasafai mai kiran ke cewa daga Microsoft yake ba, saboda kuɗinmu ba a kwamfuta suke ba, a waya suke. Sai ya zama "kwastoma kiya" na banki, ko na kamfanin layi, ko jami'in haɗa NIN da layi. Sunan ne kawai ya sauya, tsarin aikin ɗaya ne. Kuma abin da ya kamata ka riƙe tun daga nan shi ne, mutumin nan ba ya iya taɓa komai naka sai da hannunka. Dole kai ne za ka saka masa manhaja, ko ka karanto masa lamba, ko ka tura kuɗin da kanka. Duk surutun da zai yi, ɗayan ukun nan yake nema.

Mataki na farko: duba wa ya nemi wani

Ta ƙofa uku suke shigowa. Ta farko kira ne kai tsaye. Kada lambar da ta fito a fuskar wayarka ta ruɗe ka, domin akwai hanyoyin da ake sa kira ya nuna wata lamba daban da ta ainihi. Sunan da Truecaller ke nunawa ma ba shaida ba ne, kowa na iya buɗe asusu a can ya raɗa wa kansa sunan da ya ga dama, har da sunan bankinka.

Ta biyu saƙon gargaɗi ne da ke faɗowa ya rufe fuskar kwamfuta ko waya kana tsakiyar duba wani shafi, da jan rubutu, wani lokaci har da ƙarar jiniya da murya tana cewa kada ka kashe na'urar, ka kira lamba kaza. Microsoft ya sha nanatawa cewa saƙon gargaɗinsa na gaske ba ya zuwa da lambar waya. In ka ga lambar kira a jikin gargaɗi, magana ta ƙare.

Ƙofa ta uku ita ce ta fi cin mutane masu wayo, don a nan kai ne ka nemi taimakon. Ka yi tiransifa an cire kuɗi ba su isa ba, ranka ya ɓaci, ka je ƙarƙashin shafin bankin a Facebook ko X ka rubuta kokenka kowa na gani. Ba a jima ba wani asusu mai tambarin bankin ya amsa maka cikin ladabi, ya ba ka haƙuri, ya ce ka tuntuɓe su ta wannan lambar WhatsApp. Ko kuma ka rubuta sunan kamfani a Google kana neman lambarsu, ka ɗauki ta farko da ta fito, alhali talla ce wani ya biya aka ɗora a sama. Matsalarka ta gaske ce, kai ka buga wayar, don haka babu abin da zai sa ka yi zargi. Shi ya sa ba a ɗaukar lambar kamfani daga amsar wani a dandalin sada zumunta. A bayan katin ATM ɗinka ake ɗauka, ko cikin manhajar bankin kanta, ko a reshe.

Mataki na biyu: saurari abin da yake nema, ka bar abin da ya sani

Kiran yakan tafi kamar haka:

"Salamu alaikum, da Alhaji nake magana? Ranka ya daɗe, daga babban ofishin bankinku ne, ɓangaren kula da manhaja. Mun ga ana ƙoƙarin fitar da naira 200,000 daga asusunka yanzun nan. Kai ne kake cirewa?"

"A'a wallahi, ba ni ba ne."

"To Alhamdu lillahi da Allah ya sa muka same ka. Don Allah kada ka kashe wayar, in ka kashe kuɗin za su fita. Yanzu za ka ga saƙo ya shigo da lambobi shida, karanto min su in tsayar da abin."

Cikin 'yan daƙiƙu ya tayar maka da hankali, ya mai da kansa mai ceto, ya kuma hana ka kashe waya. Wannan hanin shi ne babbar alama. Ma'aikacin gaske ba ya asarar komai in ka ce za ka kira su da kanka. Ɗan damfara kuwa ya san da zarar ka samu minti biyu ka numfasa, ko ka tambayi na kusa da kai, kasuwarsa ta watse. Lambobin shidan da yake so kuwa su ne OTP, wato izinin da banki ke turo maka kafin a fitar da kuɗi ko a buɗe asusunka a wata sabuwar waya. Shi ne ya sa aka turo su, yana can yana jiran ka karanto.

Mutane da yawa suna cewa, "Ai ya faɗi cikakken sunana, har ranar haihuwata ya sani." Wannan ba abin mamaki ba ne. Duk wanda ya sa lambar asusunka kamar zai yi maka tiransifa, sunanka zai fito masa. A OPay da PalmPay ma lambar wayarka ce lambar asusun, sifilin farko kawai ake cirewa. Ga fom-fom da muke cikewa, ga kwafin katin shaida da ake bari a shagon fotokwafi, ga shafukan "tallafin gwamnati" na ƙarya da ake yaɗawa a WhatsApp mutane na zuba BVN da NIN ɗinsu a ciki. Sanin bayananka bai mai da shi ma'aikacin banki ba.

Abin da zai tona shi shi ne buƙatarsa. Babu ma'aikacin banki ko na kamfanin layi da aikinsa ya ba shi damar tambayarka lambar sirrin katinka, ko OTP, ko kalmar sirrin manhaja, ko cikakkiyar lambar kati haɗe da lambobi ukun da ke bayansa. Babu wanda zai nemi lambobi shida da WhatsApp ya turo maka. Babu wanda zai ce ka danna wata lamba mai farawa da *21* ko **21*, domin aikinta karkatar da duk kiranka zuwa wani layi ne, daga nan sai ya sa a turo lambar tantancewa ta kiran murya ta faɗa wajensa. Haka kuma babu kamfanin kirki da ke karɓar kuɗin gyara ta katin kyauta na Google Play ko Apple, ko kirifto, ko tiransifa zuwa asusun wani mutum mai suna daban.

Mataki na uku: ka san "hujjojin" da yake nunawa

Wannan ɓangaren ya fi shafar masu kwamfuta, kuma a nan ne ake ruɗa har masu ilimi, don abin da ake nuna maka da idonka kake gani a na'urarka.

Zai ce ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta eventvwr. Wani shafi zai buɗe mai suna Event Viewer, cike da jajayen alamomi da masu ruwan ɗorawa, jere reras har ɗaruruwa. Sai ya ja numfashi ya ce, "Ka gani ko? Duk waɗannan ɓarnar bairos ce." Ba ita ba ce. Wurin nan rajista ce da Windows ke rubuta duk wani ɗan tuntuɓe da ya faru, kamar intanet ta ɗauke na ɗan lokaci, ko firinta ba ta amsa ba, ko wata manhaja ta makara wajen tashi. Kwamfutar da aka ciro daga kwali jiya ma in ka buɗe za ka tarar da su.

Akwai wadda ta fi wannan wayo. Zai sa ka buɗe baƙin allon nan na cmd ka rubuta assoc. Rubutu zai zubo, kusa da ƙarshe akwai wata doguwar lamba mai farawa da 888DCA60. Sai ya ce, "Bari in karanto maka lambar lasisin kwamfutarka daga nan ofis, ka duba ko daidai ne." Ya karanto tiryan-tiryan, ba kuskure ko ɗaya. Dole jikinka ya yi sanyi. Amma lambar nan iri ɗaya ce a kwamfutocin Windows, ta Kano da ta Landan duk ita ce, ba ta da alaƙa da lasisin kowa. Haka in ya sa ka rubuta netstat ya nuna maka jerin adireshi ya ce masu kutse ne daga ƙasashen waje, yawanci shafukan da kai ka buɗe ne na'urarka ke magana da su.

Duk wannan share fage ne. Inda ya dosa shi ne ka saka manhajar da za ta ba shi damar sarrafa na'urarka daga nesa: AnyDesk, TeamViewer, UltraViewer, ko Quick Assist da ke zuwa tare da Windows. Manhajojin nan halastattu ne, ma'aikatan gyara na gaske da su suke aiki, shi ya sa manhajar kariya ba ta cika hana su ba. Kana karanto masa lambar da ta fito, ka danna amincewa, tamkar ka miƙa wa baƙo makullin shagonka ne ka koma gefe kana kallo. Za ka ga kibiyar maus tana yawo da kanta. Yana iya buɗe fayilolinka, ya kwashe kalmomin sirrin da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta adana, ya saita manhajar yadda gobe zai dawo ba sai ya nemi izini ba. A da in mutum ya ƙi biya sukan kulle kwamfutar gaba ɗaya da wani abu mai suna syskey, har Microsoft ya cire shi daga Windows 10 a 2017. Masu tsohuwar Windows 7, wadda har yanzu ba a rasa ta a shagunan buga takardu, su sani nasu yana nan.

A waya kuma salon ya fi sauƙi. Ko ya ce ka sauke AnyDesk ko QuickSupport, ko ya turo maka fayil mai ƙarewa da .apk ta WhatsApp ya ce "sabuwar manhajar banki ce", ko ya kira ka ta bidiyo ya ce ka danna alamar nuna fuskar waya, wadda WhatsApp ya ƙara a 2023. Wannan ta ƙarshen mutane na raina ta, suna ganin ai kallo kawai yake yi. Kallon ya ishe shi. Saƙon OTP na faɗowa a saman wayarka, ya riga ka karantawa.

Mataki na huɗu: kashe wayar

Faɗa da baki ba wuya, aikatawa ce ke yi wa mutanenmu nauyi. An tashe mu da kunya da kara. Mutum ya yi maka sallama, ya kira ka Alhaji ko Hajiya, ya tambayi iyali, yana ambaton Allah a kowace jimla, sai ka ga katse shi rashin tarbiyya ne. Sun san da haka sarai, kuma da gangan ake zaɓo mai jin Hausa ya kira Bahaushe. Ba sai ka yi rashin kunya ba. Ka ce, "To na gode, zan je reshe da kaina," ka kashe. Kada ka jira amsarsa, don yana da amsar kowace magana a rubuce a gabansa.

Ban ga amfanin tsayawa gardama da shi ba, balle zagi, balle ka ce za ka ja shi da wasa ka ɓata masa lokaci. Masu yin haka a YouTube da kwamfutar da aka tanada don wannan aiki suke yi, babu komai nasu a ciki. Kai da wayar da asusunka ke ciki kake magana, kuma duk minti ɗaya da ka ƙara, wata dama ce ta suɓutar baki.

Bayan ka kashe, in zuciyarka ba ta kwanta ba, kai ka nemi kamfanin. Banki, lambar da ke bayan katinka ko ka taka zuwa reshe. Kamfanin layi a Najeriya, 300 ce lambar kula da abokan hulɗa a duk layukan tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daidaita lambobin a 2023. Wanda ke Birtaniya yana iya buga 159 a haɗa shi da bankinsa. Kada ka sake kiran lambar da ta kira ka, kada kuma ka yi amfani da wadda ya turo maka a saƙo. Sannan ka toshe lambar.

Idan gargaɗi ne ya rufe maka fuskar kwamfuta

Na'urarka ba ta kulle ba, shafin intanet ne kawai ya baje ya cika allon. Danna Esc ka riƙe na 'yan daƙiƙu, ko ka danna F11, zai koma daidai ka rufe shi. In ya ƙi, Alt da F4. In ya ƙi, Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka zaɓi burauzar ka danna End task. A Mac, Command da Option da Esc. In duk sun faskara, danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Da ka sake buɗe burauzar za ta tambaye ka ko ta dawo da shafukan da ka bari, ka ce a'a, in ba haka ba abin zai dawo. A waya ma rufe shafin ya wadatar, kuma kada ka sauke wata manhajar "wanke bairos" da ya nuna maka. In saƙonnin suka ci gaba da faɗowa ta gefe, ka shiga saitin burauza wajen sanarwa, ka cire izinin duk shafin da ba ka sani ba.

Dabarar "mun mayar maka da kuɗi fiye da kima"

Wannan ta cancanci a tsaya a kanta, don ba tsoro take amfani da shi ba, amanarka take amfani da ita. Saƙon imel zai zo cewa an sabunta maka rajistar wata manhajar kariya, irin su Norton ko McAfee, an cire dala kaza, in ba ka so ka kira wannan lamba. Ka kira, ya ce ba damuwa za a mayar maka, amma sai ya shiga kwamfutarka ya cike maka fom. Ya sa ka buɗe asusun bankinka yana ciki. Ya ce ka rubuta adadin da za a mayar, a ce 400. Kana rubutawa ya ƙara sifili biyu daga can. Allon ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya dawo, sai ga asusunka ya nuna ƙarin 40,000.

Daga nan sai kuka. Kai ka yi kuskuren, za a kore shi daga aiki, yana da 'ya'ya, don girman Allah ka mayar da rarar kafin maigidansa ya gani, kuma kada ka gaya wa ma'aikatan banki dalili. Gaskiyar magana ko sisi bai shigo ba. Ko dai rubutun da ke fuskar shafin ya sauya, abin da kowa zai iya yi a burauza kuma yana gogewa da an sake loda shafin, ko kuma kuɗinka ne ya ɗebo daga asusun ajiyarka ya zuba a ɗayan. Abin da za ka tura masa kuwa kuɗi ne na gaske.

Ƙanwar wannan dabara ita ce alat na bogi da aka saba da shi a kasuwanninmu: saƙo ya shigo kamar daga banki, sai kira ya biyo baya, "Don Allah Malam, kuskure na yi na turo maka, kuɗin maganin mahaifiyata ne." Ka duba balas ɗinka da kanka ta manhaja ko lambar USSD ta bankinka. Ko da kuɗin sun shigo da gaske, ka ce ya bi ta banki a mayar masa, kai ma ka sanar da naka bankin. Kada ka tura zuwa wani asusu daban da ya ba ka.

Mataki na biyar: idan ya riga ya shiga

A nan jeri yana da muhimmanci, kuma ba lokacin zargin kai ba ne.

Fara da yanke masa hanya. Kashe data da Wi-Fi, ko ka sa wayar a yanayin jirgin sama. Kwamfuta kuma zare wayar intanet ko ka kashe ta ɗungurungum. Ba intanet, ba shi.

Sai banki, nan take, ko da tsakar dare ne. Da wata wayar daban ka kira, ka ce a toshe katin da asusun. Bankunan Najeriya da dama suna da lambar toshe asusu da ake iya dannawa daga kowace waya, misali *901*911# a Access da *966*911# a Zenith. Ka nemi ta bankinka tun yau ka rubuta a takarda, don ranar da za ka buƙace ta ba za ka samu natsuwar nema ba. In kuɗi sun riga sun fita, ka ba bankin lokacin da abin ya faru da adadin da sunan asusun da suka shiga, ka nemi su tuntuɓi bankin can a riƙe kuɗin. Sauri ake yi saboda ɓarayin ba sa barin kuɗi su kwana wuri ɗaya, rarraba su suke yi zuwa asusu daban-daban a cire a wajen masu POS.

Bayan banki, kalmomin sirri. Ka sauya su daga wata na'ura mai tsabta, ba wadda aka shiga ba. Fara da imel, domin ta nan ake sake saita sauran duka. Sai manhajar banki, sai Facebook da sauransu. In kalma ɗaya kake amfani da ita ko'ina, kamar yadda yawancinmu ke yi, to duk sai an sauya. Ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar da ake nema kafin a shiga asusu, a duk inda ake da ita.

Sai ka waiwayi na'urar. Goge manhajar da ya sa ka saka, ka duba jerin manhajoji ko akwai wata baƙuwa da ta shigo a ranar. A Android ka leƙa saitin Accessibility da na masu ikon gudanar da waya, nan ne miyagun manhajoji ke maƙalewa su ƙi goguwa, ka cire musu izini tukuna. A Windows ka sa Windows Security ya yi cikakken bincike. Ra'ayina dai, in har mutumin ya daɗe a ciki ko allon ya taɓa yin baƙi yana aiki, kada ka tsaya kame-kame: kwashe hotuna da takardunka, a mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani. In za ka kai wa mai gyara, wanda ka sani ido da ido, kuma ka fita daga manhajojin banki kafin ka miƙa.

In WhatsApp aka ƙwace, sake shiga da lambarka, a turo maka sababbin lambobi shida, kana sa su an fitar da shi. Idan ya riga ya sa tasa lambar sirri ta mataki biyu, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da ita ba, amma shi ma yana waje tun lokacin da ka sa lambobin. Ka duba wajen na'urorin da aka haɗa ka cire wadda ba taka ba. Kafin nan ka sa wani ya sanar a guruf-guruf ɗinku cewa kada kowa ya tura kuɗi da sunanka, don abin da zai fara yi ke nan, ya bi 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya yana neman rance. In ka danna lambar karkatar da kira, ##002# na soke ta. In kuma layinka ya ɗauke sabis haka kawai alhali na kusa da kai suna da shi, ka garzaya ofishin kamfanin layin da katin shaidarka, mai yiwuwa an yi wa layin welkom bak, wato an fitar da sabon SIM da lambarka, a bayan idonka, ka kuma toshe asusun banki kafin ka kama hanya.

Mataki na shida: kai ƙara

Kada ka goge komai. Ɗauki hoton lambar da ta kira, saƙonnin, rasit ɗin tiransifa, da sunan asusun da kuɗin suka shiga. Ka rubuta wa bankinka koke a takarda ko imel, ka karɓi lambar koken. In mako 2 ya wuce ba su warware ba, kana da damar kai maganar sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, CBN. Ta ɓangaren laifi kuma akwai EFCC da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan irin wannan. Abin da ya shafi layi, in kamfanin bai share maka hawaye ba, 622 ce lambar NCC, kyauta ake kira. A Ghana, inda damfarar MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, ta yi ƙamari, ana kiran hukumar tsaron intanet a 292. Wanda aka yi wa da sunan Microsoft yana iya shigar da rahoto a microsoft.com/reportascam.

Ba zan ce maka kai ƙara na dawo da kuɗi kullum ba, sau da yawa ba sa dawowa. Amma da rahoton ne ake rufe asusun da ake tara kuɗin sata, kuma takardar koken ita ce madogararka in daga baya aka ci bashi ko aka yi wata ɓarna da bayananka. Masu yin shiru don gudun a ce an yi musu wayo, ɓarawon kawai suke taimaka wa.

Ka kuma sa ran kira na biyu. Wanda aka taɓa cuta sunansa na shiga jerin da suke sayar wa junansu. Bayan 'yan kwanaki wani zai kira ya ce shi jami'in EFCC ne, ko lauya, ko gwanin kwamfuta mai dawo da kuɗin da aka sace, an kama ɓarayin, kuɗinka na nan, ɗan kuɗin buɗe fayil kawai za ka biya. Su ne dai. Hukuma ba ta karɓar kuɗi ta waya kafin ta mayar wa mutum haƙƙinsa. FBI ma ta yi gargaɗi a 2023 kan salon da mutum uku ke kira bi da bi, na farko mai gyaran kwamfuta, na biyu ma'aikacin banki, na uku jami'in gwamnati, kowanne na gaskata na bayansa, har su sa mutum ya kwashe ajiyarsa da kansa ya tura wani asusu wai don a tsare masa.

Iyaye da kakanni

Su aka fi hari, kuma doguwar lacca ba ta zama. Ka zauna da wayar Baba ko ta Inna da kanka. Kunna musu lambar sirri ta mataki biyu a WhatsApp. Sa wa layin lambar sirrin SIM, don in an sace wayar kada a cire layin a sa a wata a shiga asusu ta USSD, amma ka tabbatar da lambar asali daga kamfanin layin kafin ka fara, don kuskure 3 na kulle layi sai da PUK, lambar buɗewa da kamfanin layi ke bayarwa. Ka rage iyakar kuɗin da za a iya fitarwa a rana zuwa abin da suke buƙata da gaske. Ka hana saƙonni bayyana a fuskar waya in tana kulle. Ka rubuta lambar toshe asusu da taka lambar da manyan baƙi, ko da ajami in shi suka fi karantawa, a liƙa inda suke ajiye caja.

Sannan ka ba su jimla ɗaya da za su riƙa faɗa wa duk wanda ya kira da maganar banki ko layi ko gyaran waya: "Yarona ne ke kula da wannan, bari ya dawo." Su faɗa su kashe, su kira ka. Kai kuma in sun kira, ka ɗauka, ko da kana tsakiyar aiki, kuma kada ka nuna musu sun dame ka ko da kiran ya zama na gaske ne daga banki, don in ka yi tsaki sau ɗaya, karo na gaba ba za su kira ba.